Watanda a Adum

Ranar Talata aka kaɗa ƙararrawa a ƙofar kantin Sarpomaa.
Na taso daga Aboabo da takardata a aljihun gaba:
hannun jari ɗari takwas, jan hatimi,
da sunana, Labaran Ɗantani,
an rubuta shi daidai, karo na farko tun da nake.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Kuɗin gyaran agogo ne, sidi kan sidi,
da adashin da Azumi ta miƙo mini ba ta dube ni ba.
Yaron da ya sayar mini ya ce,
"Baba, daga yau kai ma mai kanti ne."
Ni na ɗauka watanda muka shiga,
a haɗa kuɗi, a kayar da sa,
kowa ya tafi da kasonsa a ganye.

Na ci kuwa, ba zan yi butulci ba.
Sau huɗu riba ta zo.
Ta fari ta yi wa Azumi turmin atamfa,
ta ƙarshe ko kuɗin mota zuwa Kejetiya ba ta kai ba.
Duk da haka in na bi ta Adum sai in rage sauri,
in leƙa gilashi, in ce a raina
wani lungu a ciki nawa ne, ko da faɗin tafin hannu.

Mai gwanjo ya hau akwatin sabulu.
Firji goma sha biyu, mai kifi daga Asafo ya kwashe.
Janareto, injin lissafi, kwandunan turawa masu ɗingishi,
har gumakan da ake sa wa riga,
tsirara, ɗaya babu hannu,
an jera su a bayan mota kamar waɗanda aka kama.
Kowane bugun guduma ina rabawa a ka:
ɗari takwas cikin miliyan nawa?

Da la'asar wata lauya ta karanta jeri.
Banki tukuna, shi ke riƙe da takardar gini.
Sai su kansu, ladan fiɗa.
Sai albashin yaran kanti na wata bakwai.
Wannan ban ja ba,
na san Akosua mai karɓar kuɗi, goyo gare ta.
Sai haraji.
Sai mai shinkafa na Tema da mai man gyaɗa na Tamale,
su ma ɗaya za su gani a kan kowane goma.
Ta rufe fayil.

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji uku.
"Mu fa?"
"Ai ku ne masu shi," in ji ta.
"Mai abu shi ne ƙarshe. Abin da ya ragu naku ne."
Na ce, "Nawa ya ragu?"
Ta cire tabarau, ta goge da bakin riga.

Ashe mu ne masu san.
An feɗe shi a gabanmu, fata da ƙaho da kofato,
igiyar ma tana cikin lissafi.

Saura agogon bango na saman ƙofa,
ya tsaya a tara saura kwata, ba wanda ya taya.
Na ce ashirin.
Na biya kuɗin abin da aka ce nawa ne,
aka ba ni rasit.

Azumi ba ta tambaya ba.
Ta dubi hannuna, ta dubi agogon, ta ƙara mini miya.
Bayan isha'i na buɗe bayansa,
tsatsa ce kawai a bakin batir.
Na kankare, ya tashi.

Bangonmu ba daidai yake ba, sai ya riƙa karkata.
Na ninke takardar sau huɗu, na cusa ta ƙarƙashinsa.
Takarda ce mai kauri.
Har yau bai motsa ba.